In sayar da filin gadona don a koya wa ɗana magana?

Wasiƙar wannan makon daga Daura ta zo. Na taƙaita ta, na kuma cire sunaye da duk abin da zai sa a gane gidan.

"Assalamu alaikum Anti. 'Ya'yana uku. Na tsakiyan namiji ne, shekararsa uku da rabi, har yau bai fara magana ba. In an kira sunansa ba ya waiwayowa, amma da an tayar da injin markaɗe a maƙwabta sai ya toshe kunne ya yi ta ihu. Yakan wuni yana jera murafun kwalba, in wani ya taɓa ɗaya sai ya riƙa buga kansa a ƙasa. In yana son abu, hannuna yake ja ya ɗora a kai. Likita a Kano ya duba shi ya ce otizim ne, wato galahanga, kuma ba ƙwaya ko allura zai sha ba, horo yake buƙata. Na samu wata cibiya mai zaman kanta a Kano, sun ce naira 180,000 a wata, kullum a kai shi, kuma wai in ya wuce shekara biyar ba a yi ba, shi ke nan, ƙwaƙwalwarsa ta rufe. Maigida malamin firamare ne, albashinsa bai kama ƙafar wannan kuɗin ba. Ni ɗinki nake yi a gida. Ina da fili da na gada daga mahaifina, dillali ya ce zai yi naira 1,400,000. So nake in sayar, in koma gidan yayata a Kano da shi da jaririyata. Maigida ya ce bai yarda ba, wa zai riƙe babbar 'yarmu da ke aji huɗu? Hajiya, mahaifiyarsa, ta ce iska ce, har an sayar da rago an yi masa ruƙya da turare, ba a ga canji ba. Yanzu kuma cewa take dama namiji yakan yi nauyin baki. Yayan maigida yana da hali, amma maigida ya ce shi ba zai yi roƙo ba. Anti, ba na barci. Gani nake duk ranar da ta wuce ni na cuce shi. In sayar ko da bai yarda ba?"

Wa alaikumus salam, 'yar'uwata. Allah Ya raya mana shi, Ya sa ɗawainiyar da kike yi a mizani.

Ba ki cuce shi ba. Uwar da ta lura ɗanta yana jin injin markaɗe amma ba ya amsa sunansa, ta lura da yadda yake jan hannu, ta ɗauke shi har Kano wurin likita tun bai cika shekara huɗu ba, ba a kiranta mai sakaci. Yara da yawa a ƙasar nan sai sun shiga makaranta, wasu har su girma, ba a taɓa gaya wa iyayensu sunan abin da ke tare da su ba. Otizim yanayi ne na yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa tun yaro yana ciki, kuma ƙwayoyin halittar da ake gada suna da babban kaso a ciki. Rashin tarbiyya ba ya kawo shi, allurar rigakafi ma haka. Na ambaci rigakafi ne saboda kina da jaririya a hannu, kuma na san ba za a rasa mai raɗa miki ba. Rahoton da ya tayar da wannan jita-jita a Ingila a 1998, mujallar da ta buga shi ta janye shi a 2010, aka kuma cire likitan da ya jagorance shi daga rajistar likitoci. Ki ci gaba da kai ta awo da rigakafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 yana da otizim, kin ga ko a cikin Daura akwai gidajen da ke cikin abin da kike ciki, kowa ya saki labule ya yi shiru.

Amsar tambayarki kuwa ita ce: kada ki sayar da filin yanzu. Filin naki ne, shari'a ba ta mallaka wa miji dukiyar matarsa ba, wannan babu ja. Sai dai kwashe yara biyu a koma Kano magana ce ta aure da ta gida gaba ɗaya, ba ta fili kaɗai ba. Ko mun ajiye wannan a gefe, lissafin da kansa bai goyi bayan sayarwar ba. Ki cire la'adar dillali daga 1,400,000, ki raba sauran gida-gida na 180,000, za ki samu wata bakwai da 'yan kwanaki. Ba mu sa kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa kullum ba, ba mu sa abin da za ki riƙa ajiyewa a tukunyar yayarki ba, ga kuɗin mota zuwa Daura duba 'yarki, ga ɗinki ya tsaya, masu kawo miki kaya sun koma wurin wata. In an yi sa'a kuɗin ya kai wata biyar ko shida. Ranar da ya ƙare, yaron yana ɗan shekara huɗu, babu fili, babu ciniki, ga saɓani da miji, shi kuma yana nan yana buƙatar taimako kamar jiya. Otizim ba zazzaɓin cizon sauro ba ne da za a shanye magani a tashi. Zai buƙaci mai kama masa hannu lokacin shiga makaranta, da lokacin balaga, wataƙila har ya zama magidanci. Kowane ɗan ƙasar Daura ya san halin gero: ruwa kamar da bakin ƙwarya na kwana uku, sannan fari ya biyo baya, ba ya kai shi rumbu; wanda ke sauka daidai-wa-daida har kaka shi ke ciyar da gida. Irin wannan kashe kuɗin yaronki yake buƙata, abin da za ku iya fitarwa duk wata har shekara biyu ko uku ba tare da bashi ba, ba tare da an taɓa abinci ko makarantar yayarsa ba.

Maganar shekara biyar ɗin nan ita ce ta hana ki barci, don haka bari in tsaya a kanta. Akwai gaskiya a cikinta: ƙwaƙwalwar ƙaramin yaro ta fi saurin ɗauka, kuma farawa da wuri ya fi. Amma babu wata ƙofa da ake rufewa ranar da yaro ya cika biyar. Akwai yara masu otizim da dama da suka fara haɗa jimla bayan sun wuce wannan shekarun. Akwai kuma waɗanda maganar baki ba ta yi musu yawa ba har suka girma, amma suka iya bayyana buƙatarsu da hoto ko alama ko rubutu, suka samu natsuwa, gidansu ma ya samu. Ba zan yi miki alkawarin wanne ɗanki zai zama ba, kuma duk wanda ya yi miki wannan alkawarin, ki riƙe jakarki da kyau. Ban ce mutanen cibiyar macuta ba ne. Aikin yana da tsada da gaske: ma'aikaci ɗaya kan yaro ɗaya, ga haya, ga man janareta, ga ƙwararrun ba su da yawa a ƙasar. Amma mai sayar da abu bai kamata ya tsorata uwa da wa'adi ba, kuma ba na jin daɗin yadda aka yi miki hakan.

Kai yaro cibiya kullum ba ita kaɗai ce hanya ba. Tsarin da ya yi suna a Amurka, na awa 20 zuwa 40 a mako, yawanci inshora ko gwamnati ke ɗaukar nauyinsa, ba aljihun malamin firamare ba. A Ingila masu bincike sun gwada wata hanyar: ana ɗaukar bidiyon uwa ko uba suna wasa da yaron, sai ƙwararre ya zauna da su a kalla tare, yana nuna musu inda yaron ya yi yunƙurin sadarwa ba a lura ba. An buga sakamakon a 2010, aka sake bin yaran aka buga a 2016, aka tarar amfanin bai gushe ba bayan shekaru. An kuma gwada irin wannan a Goa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya na gama-gari, ba manyan ƙwararru ba, suka koyar da iyaye, aka ga iyaye da yara sun ƙara fahimtar juna. Ita ma Hukumar Lafiya ta Duniya tana da shirin horar da iyayen yara 'yan shekara 2 zuwa 9 masu jinkirin girma, zama tara na rukuni da ziyarar gida uku, kuma tun 2022 ta sa darussan a intanet kyauta. Da Turanci suke, ga ki kuwa da malami a gida. Abin da nake so ki fahimta shi ne, naira ɗaya da ta saya miki ilimin da zai zauna a hannunki ta fi naira goma da ta sayi awa guda a ɗakin da aka rufe aka bar ki a waje. Ƙwararre zai gan shi awa ɗaya, ke kuwa kina tare da shi daga asuba zuwa kwanciya.

To, a ina kuɗin farko zai tafi? Wurin gwajin ji. Ba ki ce an yi masa ba, kuma toshe kunnen da yake yi bai wadatar ba, don yaro yana iya jin ƙarar inji amma wasu sautukan magana su riƙa wuce shi. Akwai gwajin da ake yi wa ƙananan yara suna barci, ba sai sun amsa ba. Ki fara daga kusa: ki yanki kati a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke nan Daura, ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, ki ga likitan yara, ki nemi ya tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro. In ana buƙatar na'urar da ba a kusa, akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna inda ake gwajin ji da horon magana, haka nan asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya da ke Barnawa a Kaduna yana da sashen yara da matasa. Ki gaya wa likita zancen buga kai, da yadda yake barci, da ko bayan gida yana yi masa wuya, a duba haƙoransa da kunnuwansa. Yaron da ba zai iya cewa haƙorina ke ciwo ba, da kansa yake faɗa a ƙasa. In kin taɓa ganin ya ƙame ko ya ƙura ido ya ɗauke na ɗan lokaci, ki faɗa, domin farfaɗiya ta fi yawa a yara masu otizim, ita kuma tana da magani. Sannan kada ki baro asibiti sai da rubutaccen rahoto mai hatimi. Wannan takardar ita za ki nuna a makaranta, da wurin neman tallafi, da gaban dangi.

Bayan haka sai ki nemi mai koyar da magana ko mai horar da yara kan ayyukan yau da kullum, a asibitin gwamnati in an dace, in ba a samu ba a waje, ki yi ciniki a kan wani abu daban da wanda aka tallata miki. Ki ce zama ɗaya ko biyu kike so a wata, kina ciki, ana koya miki, a rubuta miki abu uku da za ki yi aiki a kai kafin ki dawo, a tsakani kuma ki riƙa tura bidiyo ta WhatsApp ana yi miki gyara. Ko ita wannan cibiyar ki koma mata da wannan tayin. Ki tambaye su wa zai riƙe yaron, kuma yana da rajista da hukumar da ke yi wa masu wannan aikin rajista a Najeriya, wato MRTB? Me suke sa ran zai iya bayan wata uku, a rubuce? Za a bar ki ki shiga ki gani? Inda aka hana uwa leƙawa sam, ko ake dukan yaro, ko ɗaure shi a kujera, ko hana shi abinci don ya yi biyayya, ko kyauta ne kada ki bar shi. Waɗancan gidajen da na ce suna cikin Daura, ki neme su: ki bar lambarki wurin ma'aikatan jinya na ɗakin ganin yara, ki ce duk uwar da ta zo da irin naki a ba ta. Gida uku ko huɗu in sun haɗa kuɗi, ɗauko ƙwararre daga Kano ya wuni a Daura sau ɗaya a wata ya fi sauƙi a kan kowa ya kwashi yaro ya hau mota. In kuma hali ya yi, matashiya mai takardar NCE da ba ta samu aiki ba, mai haƙuri da yara, za ta iya zuwa awa ɗaya ko biyu, kwana uku a mako, ta riƙa bin abin da ƙwararren ya rubuta, ke kuma ki samu ki hau keke.

Ga abin da za ki fara tun yau da yamma, ba ko kwabo. In ya baje murafunsa a tabarma, kada ki kwashe, kada ki kira shi. Ki zauna a ƙasa gabansa, fuskarki daidai tasa, ki ɗauko naki murafun ki fara jera naki layin kusa da nasa. Kwanakin farko wataƙila ko kallo ba za ki ishe shi ba. Wata rana zai miƙo hannu ya ɗauke naki ɗaya. Ki ce "murfi", ki miƙa masa wani. Daga nan ki riƙe sauran a tafin hannunki, ki ba shi ɗaya-ɗaya, kina ɗan jinkirtawa kafin kowanne, har ya ɗago ido ko ya yi wani sauti, sai ki ba shi nan take. Haka cincin ko duk abin da yake so: ki sa a robar da ake hango abin da ke ciki amma ba ya iya buɗewa. Zai jawo hannunki ya ɗora. Ki durƙusa, ki ƙirga goma a zuciyarki ba tare da kin ce komai ba, sannan ki ce "buɗe", ki buɗe, ki ba shi guda ɗaya, ki rufe. Wajen wanka ki ɗebo ruwa a moɗa ki ɗaga, ki tsaya, ki ce "zuba", ki zuba. Kalma ɗaya-ɗaya, ba doguwar jimla ba, kuma ba "ka ce Mama, ka ce Mama" ba, wannan matsi ne kawai. Shirun nan da kike yi kina jira shi ne mafi wuya, kuma shi ne aikin, don a cikinsa yaron ke gane cewa in ya yi wani abu, wani abu zai faru. Ki ɗauki hoton kofinsa, da buta, da kwanon abincinsa, da ƙofar gida, a wanko miki, ki manna a bango daidai tsayinsa, duk lokacin da za ki ba shi abin ki taɓa hoton da hannunsa. Hoto ba ya hana magana fitowa, yana rage ihu ne, domin ya samu hanyar faɗin abin da yake so. Minti goma sau huɗu ko biyar a rana ya fi awa guda da za ku gama kowa yana kuka. A rage masa waya da talabijin. Ki roƙi maƙwabta su riƙa turo yaro ya sanar kafin a tayar da inji, ki shigar da shi ɗaki.

Akwai kuɗin da ba a ƙirga shi cikin magani amma ya kamata ya riga komai: murfi da kwaɗo a rijiya, sakata a can sama a ƙofar gida. Yara masu otizim sukan fice ba tare da an ankara ba, ruwa kuma yana jan su, ga kududdufai da damina.

Yanzu inda za a samo kuɗin. Maigida ya duba takardar albashinsa ya ga ko ana cire masa na taimakekeniyar lafiya ta jiha, in ana cirewa ya tabbatar sunan yaron yana ciki kuma an ba shi kati. Kada ki sa ran wannan zai biya cibiya mai zaman kanta. Amfaninsa shi ne rage kuɗin ganin likita, da gwaje-gwaje, da magani, abin da ya ragu kuma ya tafi horo. Manyan asibitocin gwamnati suna da sashen walwalar marasa lafiya, masu duba halin iyali su nemi a yi ragi ko a haɗa su da masu taimako; mutane da yawa ba su san da shi ba, ki tambaya a nuna miki. Akwai kuma dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda marigayi Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019. Ta tanadi ilimi kyauta har sakandare, da kula da lafiya kyauta a asibitocin gwamnati ga masu larurar ƙwaƙwalwa, ta kuma kafa hukumar ƙasa mai kula da su. Aiwatarwa tana tafiyar hawainiya, kada ki gina kasafinki a kanta, amma wanda ya je da rahoton likita yana ambaton haƙƙinsa ba ɗaya yake da wanda ya je hannu rabbana ba. Ki kai takarda Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha. Ki shiga adashi da kuɗin ɗinki, ki nemi kwasarki ta faɗo lokacin babbar tafiyar da zan yi miki bayaninta nan gaba. Abu biyu kuma ki guje su: bashin manhajojin waya da duk wani bashi mai kuɗin ruwa, da masu tallar waraka a Facebook da TikTok, ko garin magani ne, ko ƙwayoyin ƙarin kuzari masu tsada, ko wankin jini, ko dashen ƙwayoyin halitta a ƙasar waje. Babu ɗayansu da aka tabbatar yana warkar da otizim, wasu ma suna da haɗari.

Mu dawo kan Malam. Daga wasiƙarki ban ga mutumin da bai damu ba. Na ga uban da aka gaya wa kuɗin da ya ninka albashinsa, aka kuma ce matarsa za ta sayar da gadon ubanta saboda shi ya gaza. Namiji yakan ji wannan har cikin ƙashinsa, sai ya fito da shi a matsayin "ban yarda ba". Tambayar da ya yi kan babbar 'yarku ma tambaya ce ta gaskiya. A fiƙihun Malikiyya da muke bi, ciyar da ɗa namiji yana kan uba har ya balaga, in kuma ya balaga da larurar da ta hana shi nema, nauyin yana nan a kansa. Mai yiwuwa shi can nesa yake hangowa, ke kina kallon yau, kuma yaron yana buƙatar idanun nan biyu. Ki same shi bayan ya ci abinci ya huta, ba a gaban Hajiya ba, ki ce: "Malam, na ajiye maganar fili da komawa Kano. Amma ina so mu zauna da biro da takarda mu ga abin da za mu iya warewa duk wata, naka da nawa, kuma ina so ka raka mu wurin likita ka ji da kunnenka." Sannan ki ba shi aikin da ya dace da shi. Koyarwa sana'arsa ce. Shi zai bi darussan nan na intanet ya fassara miki, shi zai riƙe littafin da ake rubuta abin da yaron ya iya, kuma minti goma sha biyar bayan magariba nasa ne da ɗansa. Ga wata dama da aikinsa ya ba ku: dogon hutun ƙarshen shekarar karatu. In ƙwararren ya ga da amfani, sai ku tafi Kano gaba ɗayanku na mako biyu ko uku, a yi horo a jere kuna ciki ku biyu, ku dawo da abin da kuka koya. Ba a raba gida ba, ba a bar yarinya ba, kuɗin adashi kuma zai iya ɗauka.

Hajiya kuwa, wadda ta yarda a sayar da rago saboda jikanta ba maƙiyiyarsa ba ce. Kada ki shiga gardamar iska da ita, ba za ki ci ba, kuma ba kya buƙatar ci. Addu'a ba ta cin karo da asibiti. Ki roƙe ta ita da bakinta ta riƙa yi masa tofin Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi safe da yamma, wannan ba ya buƙatar rago. Iyakar da za ku sa, kuma Malam ne zai faɗa ba ke ba, ita ce babu turara shi a rufaffen ɗaki, babu duka da sunan fitar da aljani, babu tsaga, babu jiƙon da ba a san abin da ke ciki ba. Zancenta na nauyin baki yana faruwa ga wasu yaran, sai dai mai nauyin baki kawai yana waiwayowa in an kira shi, yana nuna abu da yatsa, yana kawo miki abin wasansa ki gani. Ku tafi da ita asibiti sau ɗaya, likita ya yi mata bayani da girmamawa. In ta gamsu, ita ce ma za ta warware muku matsalar neman taimakon yayan Malam. Abin da ƙane ke jin nauyin faɗa, uwa tana faɗa wa ɗanta a zama ɗaya, kuma ba a kiransa roƙo. A gaya masa abu ƙayyadadde: kuɗin zama biyu a wata har wata shida, ga rahoton likita, ga lambar asusun wurin, ya biya kai tsaye. Masu hali sun fi sakin hannu in sun san adadi da iyaka. In ma daga zakkarsa zai fitar, ɗan'uwa mabuƙaci da ciyar da shi bai wajaba a kansa ba, halal ne a ba shi, har da ladan zumunci.

Babbar 'yarki kada ta zama mai raino. Ta yi wasa da ƙanenta, a koya mata dabarar robar cincin, za ta ji daɗi, amma ta je makaranta, ta yi wasanta da ƙawaye, kuma ki samu ɗan lokacin da yake nata ita kaɗai, ko da wajen kitso ne.

Ke ma ina so ki kula da kanki, ga shayarwa ga rashin barci. Ki nemi wadda za ta karɓe ki yamma ɗaya a mako ki kwanta. In kika ga kuka da rashin cin abinci da jin komai ya ƙare sun wuce mako biyu ba sa sakinki, ki gaya wa likita a ranar da kika kai yaron, damuwa irin wannan ana maganinta.

Ban ce har abada ba za a taɓa filin ba. Ku ba wannan tsarin wata shida, kuna rubuta abin da ya canza: sau nawa yake buga kai a mako, yana taɓa hoto, yana ɗago ido, ya fara zama a po. In a lokacin wata buƙata mai suna da farashi ta taso, kamar na'urar ji in gwaji ya nuna, ko makarantar da kuka gani da idonku kuka gamsu, sai ku zauna ku biyu ku sake duba maganar. Kafin nan ki tabbatar takardun filin suna hannunki da sunanki, domin wata rana shi wannan yaron zai iya zama wanda ya fi kowa buƙatarsa. Keken ɗinki kuwa ko wane hali aka shiga kada ya fita daga ɗakin.

A wannan makon ki ɗauki gajerun bidiyo uku da wayarki: yana wasa da murafunsa, kina kiran sunansa daga baya, da lokacin da yake neman abu. Ki tafi da su asibiti tare da katin rigakafinsa da duk takardar da likitan Kano ya ba ki, don yaro a ɗakin likita ba ya nuna halinsa na gida. In sakamakon gwajin ji ya fito ki sake rubuto mini, ki haɗa da adadin da kuka tsayar ke da Malam, mu ga yadda za a raba shi. Ki gaishe da Hajiya.